Amsa ga mai Honda da ke ƙin tashi in ta sha rana

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce Accord ɗinka ta 1996 da safe tana tashi da murɗi ɗaya, amma in ka ajiye ta a rana ka shiga kasuwar Wuse, ka fito sai kik ya yi ta juyawa inji shiru, kuma mai wayarin ya ce a sayi sabon famfon mai. Kada ka sayi komai tukuna. Na daɗe ina gyaran wutar mota a wajen Apo, kuma a Hondar shekarun 1990, su Hala da Bulldog, yawanci babban rile, wato ƙaramin akwatin da ke kunna wa famfon mai wuta, shi ke yin haka.

Gwada wannan ranar da ta sake ƙi. Kashe rediyo, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ka tsaya nan, ka kasa kunne. Mota mai lafiya za ka ji famfon mai ya yi ƙara daga baya kamar daƙiƙa 2, sannan wani ƙas a ƙarƙashin sitiyari. In ba ka ji ba, sa hannu ƙasan dashbod ta ɓangaren direba, ka ɗan ƙwanƙwasa akwatin rilen yayin da kake murɗawa. Ta tashi? To ka kama ɓarawonka. Wasu ma buɗe ƙofofi kawai suke yi cikin motar ya sha iska, sai ta tashi.

Dalilin shi ne, cikin wannan ƙaramin akwatin rile biyu ne a kan fanel ɗaya: ɗaya na ba ƙwaƙwalwar mota da injekta wuta, ɗaya na famfon mai. Ƙafafunsu da dalma aka liƙe su. Shekara da shekaru ana zafi ana sanyi, ga girgizar hanya, sai dalmar ta tsage ta zagaye ƙafar. Da sanyi tsagar tana haɗe, wuta na wucewa. In ƙarfe ya ɗau zafi sai ta buɗe. Shi ya sa motar da ta zauna lafiya a Jos, da an gangaro da ita Hawan Kibo ta gamu da ranar Abuja ta watan Maris, sai ta fara nuna hali.

Gyaran ba wuya, amma yana son nutsuwa. Cire kan batir, zare soket, ka ɓanɓare murfin da siririyar sukuddireba a hankali, don robar ta tsufa, tana karyewa. Juya fanel ɗin a haske mai kyau. Dalma mai lafiya tana sheƙi, ta rungume ƙafar sumul. Wadda ta mutu ta yi toka-toka, da wani siririn zobe kamar gashi a gindin ƙafar. In ka taɓa rilen ta ɗaya gefen za ka ga ƙafar na motsi a cikin ramin. Kyamarar waya ma tana nuna shi in ka kusanto da hoton.

Inda yara ke ɓata aikin shi ne ɗiga sabuwar dalma a kan tsohuwa. Daga sama ta yi kyau, tsagar tana nan a ƙasa, bayan ɗan lokaci mai mota ya dawo yana faɗa. Narkar da tsohuwar ka zuƙe ta, ka ɗora bakin ayan, wato ƙarfen narkar da dalma, ya taɓa ƙafar da da'irar tagullar tare, sannan ka kawo dalma ta narke da zafinsu ta kwanta da kanta. Ayan mai wat 30 zuwa 40 ya isa, dalma kuma ta masu gyaran rediyo, 60/40, mai man liƙi a cikinta. Ta masu liƙin lagireto da ruwan asid kada ta kusanci fanel, cinye shi za ta yi. Kada ka daɗe da ayan a wuri ɗaya, layin tagulla yana ɗagowa. Ni duk ƙafafun nake bi, har waɗanda ban ga tsaga ba, tunda shekarunsu ɗaya. In hannunka na rawa, kai wa mai gyaran waya ko talabijin, sun fi yawancin masu wayarin iya riƙe ayan.

Sai dai dalma ba ta gyara komai da komai. In bakin da ke haɗuwa a cikin rilen ya ƙone ya yi baƙi, ko koyil ya tsinke mita ba ta karanta komai, ko roba ta narke, sauya kawai. Ƙananan rile waɗanda aka rubuta wa ƙafafunsu lamba 30, 85, 86 da 87 kuwa ba su kai a ɓata musu lokaci ba, sabo ba tsada. Na Beljiyam da za ka samu a Apo shi ma tsoho ne, sai ka buɗe ka sake masa dalma kafin ka ɗaura. Masu Marsandi V-boot ma, rilen da ke bayan batir mai fiyus a kansa haka yake yi, fitilar ABS ta kama, inji ya riƙa rawa.

Abu ɗaya zan roƙe ka: in wani ya ce zai haɗa maka famfon kai tsaye da makulli a huta, ka ƙi. Rilen ne ke yanke mai in inji ya mutu. In babu shi, ranar hatsari, Allah ya kiyaye, famfo zai ci gaba da feso fetur. In ka buɗe, turo hoton bayan fanel ɗin mu duba tare.