Amsa kan tauhidi da Ranar Hisabi

Malam, ka tambaya ko wanda ya yarda Allah ɗaya ne zai iya shakkar hisabi imaninsa bai taɓu ba. Hakan ba zai yiwu ba, domin Hadisin Jibrilu ya lissafa imani da Ranar Lahira cikin shika-shikan imani shida, kuma Fatihar da muke karantawa a kowace raka'a ta kira Allah Mamallakin Ranar Sakamako.

Abin da ya fi ratsa zuciyata shi ne Suratuz Zalzala, aya ta 7 da ta 8, inda aka ce mutum zai ga aikinsa ko da gwargwadon ƙwayar zarra ne. Mai awon gero a kasuwar Daura da ya tauye mudu, ko da mai saye bai lura ba, ayar ta shafe shi.