Amsa: Yawon Keke a Ƙauyukan Bargandi

Malam, ka tambayi yankin Faransa da ya fi dacewa mai keke ya zagaya ƙauyuka yana ganin tsofaffin majami'u, kuma ni dai kudancin Bargandi nake ba ka shawara. Ka tashi daga garin Kuluni, inda aka kafa babban gidan zuhudun Kirista a shekarar 910, ka bi tsohon layin dogon da aka mayar hanyar kekuna zuwa Kormatan, sannan ka ratse gabas zuwa Shafez, inda hasumiyar cocin ƙarni na 11 take bayyana tun daga nesa, a bayan makiyayar fararen shanu. Idan ruwanka ya ƙare, akan sami famfo a maƙabartar ƙauye, amma ka sayi burodinka da hantsi, domin shaguna kan rufe da tsakar rana.