Tambayi Likita: Jinya, Faɗuwar Gaba da Takaba

Likita, Babanmu na fama da ciwon dajin hanta, an ce ya yi nisa. Yayyena sun hana a faɗa masa, sun kuma hana a ba shi morphine, maganin nan mai ƙarfi na rage raɗaɗi, wai yana gaggauta ajali. (Wata 'yar'uwa daga Zariya)

Allah ya ba Baba sauƙi. Morphine ɗin da likita ya auna ba ya jawo ajali. Da kaɗan ake farawa, a ƙara gwargwadon raɗaɗin, kuma tunda hanta ce, za a ƙara taka-tsantsan wajen awo. Abin da ya fi kawowa shi ne gyangyaɗi a kwanakin farko da taurin bayan gida, shi ya sa muke haɗa shi da maganin sassauta ciki. Wanda ciwo ya hana shi ko juyawa a shimfiɗa, ina zai samu natsuwar salla da zikiri?

Batun ɓoyewa kuwa, ban goyi baya ba. Galibi dattijo ya riga ya gane, tun daga yadda ake rage murya a bakin ƙofarsa. Ku tambaye shi a hankali ko yana son jin abin da likitoci suka gani. Wataƙila akwai bashi, ko amanar wani a hannunsa, ko ɗan'uwan da yake son su yafi juna. Hadisin Ibn Umar da ke Bukhari da Muslim ya kwaɗaitar da mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Kada so ya sa ku tauye masa wannan dama.

Tun da abokina ya rasu, cikin dare gabana ke faɗuwa, numfashi ya sarƙe, in ji kamar mutuwa ta zo. Raunin imani ne? (Wani matashi daga Maraɗi)

A'a, Malam. Ya yi kama da firgicin da ke taso wa mutum farat ɗaya, ya tsananta cikin kamar minti 10, sannan ya lafa. Duk da haka je a duba zuciyarka, yawan jininka da maƙoƙo. Rage goro da shayi mai kauri da yamma. Ci gaba da azkar ɗinka, ka kuma ga likitan ƙwaƙwalwa, domin abin yana jin magani.

Ina takaba, shekararmu 31 tare. Kullum sai na yi kuka, ana ce mini ba ni da tawakkali. (Wata uwa daga Gombe)

Allah ya jiƙan Malam, Hajiya. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Wata huɗu da kwana goman nan ba su hana ki zuwa asibiti in lalura ta kama. Idan kin kasa ci da barci sama da mako biyu, ko kina jin gara ki bi shi, a kawo ki mu gan ki. Kada kuma ki ajiye maganin hawan jini ko na suga in kina sha.