Hukuncin raba matashi da miyagun abokai

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 15 ya fara yawo da wasu samari da ba sa salla, har ana zarginsu da shaye-shaye. Shin ya halatta in hana shi hulɗa da su, in kuma riƙa duba wayarsa a ɓoye?

Amsa: Allah Ya shirya maka shi, ɗan'uwa. Idan ɓarnar waɗannan samari ta tabbata, raba shi da su wajibi ne a kanka, domin Allah Ya umarci muminai a aya ta 6 ta Suratut Tahrim da su kare kansu da iyalansu daga wuta, kuma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Huraira cewa mutum yana kan addinin amininsa. Sai dai zargi ba hujja ba ne, saboda haka ka fara tabbatarwa, don kada ka zalunci 'ya'yan mutane.

Inda iyaye da yawa suke kuskure shi ne tsayawa a kan hani kawai. Matashi ba ya iya zama ba aboki, kuma wanda aka raba da abokansa aka bar shi cikin kaɗaici zai koma musu ta bayan fage. Malaman Usulu, wato masana tushen hukunce-hukuncen Shari'a, sun kafa ƙa'ida cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. A fahimtata, nema masa abokan kirki yana cikin wannan wajibi. Ka kai shi inda tsaransa nagari suke haɗuwa, kamar da'irar karatu, wurin koyon sana'a ko filin wasa mai kulawa, ka buɗe gidanka ga abokansa domin ka san su da iyayensu, sannan ka bar shi ya zaɓa da kansa. Abotar da aka ɗora wa yaro dole ba ta daɗewa.

Game da waya, asali shi ne haramcin bin diddigin sirrin mutane, kamar yadda aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta bayyana. Uba yana da haƙƙin sa ido, amma ya fi dacewa ya yi shi a fili, da sanin yaron, tun ranar da ya ba shi wayar. Binciken ɓoye kuwa ba ya halatta sai an ga alama mai ƙarfi ta cutarwa, kuma a tsaya gwargwadon buƙata, ba tare da tona asirinsa a gaban 'yan'uwansa ba. Allah ne Mafi sani.