Ribar miliyon 40 da ta ci mini fili

Ka ce in gwada maka yadda ake gane tsabar kuɗin da ke saura wa kamfani, wanda mai shi zai iya ɗauka ba tare da aiki ya tsaya ba. Ɗana, da wani ya zaunar da ni a kan wannan ina shekarunka, da filina yana hannuna har yau.

Buɗe TFT, jadawalin shige da ficen kuɗi, wanda ya gaji tsohon jadawalin da ake ce wa TAFIRE tun da sabon tsarin lissafin kamfanoni na SYSCOHADA ya soma aiki ranar 1 ga Janairun 2018. Kashi uku gare shi: na aikin yau da kullum, na sayen kayan aiki masu daɗewa, da na bashi da jari. Ɗauki jimlar na farko, ka cire abin da aka biya wajen sayen mota, inji ko gini a na biyu. Abin da ya saura shi ne amsarka. Na ukun kada ka taɓa shi. Yadda ake maido da amortisman cikin riba kuwa, wato ragin darajar kayan aiki da ake cirewa a takarda alhali kuɗi bai fita ba, ba zan ɓata bakina ba, aikin ƴan aji ɗaya ne.

Tun zamanin TAFIRE, wani mai fataucin albasa nan Tawa, da ke lodin ta Galmi zuwa Abijan, ya same ni gida bayan la'asar da bilan ɗinsa, takardar lissafin ƙarshen shekara, cikin baƙar leda. Riba miliyon 40. Ya miƙo takardar banki, miliyon 25 kwance. Ya ce in sa hannun jari mu raba. Ni da na shekara da shekaru ina tona littattafan mutane, na ga riba, na ga banki, idona ya rufe. Na saida filina miliyon 6, na damƙa masa gaban shaidu biyu.

Damina ta wuce ban ga ko dala ba. Ran nan na kwana kan takardunsa. Cikin arba'in ɗin, miliyon 22 bashi ne a hannun masu saye a Abijan, an rubuta faktir, kuɗi bai zo ba. Miliyon 10 albasa ce ajiye a rudu. Na tafi da ƙafata, na cusa hannu ƙasan tsibin, hannuna ya fito da baƙin ruwa mai ɗoyi. Ko da na maido amortisman na miliyon 4, abin da aiki ya kawo a hannu 12 ne kawai. A shekarar kuma ya sayi kamiyo na miliyon 30. Ramin miliyon 18 ke nan! To ashirin da biyar ɗin banki fa? Bashi ya ciwo ana saura mako guda a rufe shekara, ya haɗa da kuɗin tsohuwar motarsa da ya saida. Ya san sarai abin da yake nuna mini, kuma har gobe in mun haɗu wurin jana'iza shi ke fara miƙo hannu.

Tun daga nan ba na lissafa kuɗin saida tsohon kaya. Wasu kwantabul suna sa shi, ni na ƙi, don mota ba a saida ta sau biyu. Ka kuma duba bashin da ake bin kamfanin: in ya kumbura, manoma aka hana haƙƙinsu, shi ya sa akwati ya yi nauyi, kuma za su zo.

Ku yaran yanzu kun ɗauka in Excel ya fitar da lamba magana ta ƙare. Ido na kan waya, ba mai tashi ya leƙa mangaza ya ƙirga buhu. Je ka ɗauko TFT na shekara uku a jere, shekara guda ba ta isa ba, ka yi lissafin da biro. Gobe ƙarfe 8 in same shi bisa teburina.