gcc bai yi ƙorafi ba, amma sakamakonmu ya bambanta

Tambaya: Malam, ina koyon harshen C na rubuta manhaja a nan Damagaram. Na rubuta t[i] = i++; a aikina, gcc, wato kompaila mai fassara abin da na rubuta zuwa harshen na'ura, bai ce komai ba, amma abin da kwamfutata ta fitar daban yake da na abokina. Mai koya mana da yamma ya ce tunda layin ya wuce kompaila to daidai ne, kwamfutar ce ta lalace. Jarrabawa ta matso, hankalina ya tashi. Daga wani ɗalibi a unguwar Birni.

Amsa: Kwantar da hankalinka ƙanena, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Layin ne ba shi da tsayayyar ma'ana.

Takardar ƙa'idar C, wadda hukumar ƙa'idoji ta Amurka (ANSI) ta fitar a 1989, ta duniya (ISO) ta karɓa a 1990, tana bayyana yawancin gine-ginen harshen ta fuska uku: nahawu, sharuɗɗa, sannan ma'ana. Nahawun, mai kama da salon da Backus da Naur suka bi a rahoton harshen ALGOL 60, siffa kaɗai yake tsarawa. Ɗauki a * b. Ka gani, nahawu shi kaɗai ba zai gaya maka ninkawa ce ko ayyana manuni ba, sai ka duba ko an riga an mai da harafin a ya zama sunan nau'i da typedef.

Yanzu ga abin da ke ɓata min rai, don kullum sai na ji shi daga bakin masu koyarwar sha-yanzu-magani-yanzu: wai ya wuce kompaila, shi ke nan. Wa ya faɗa musu? Idan na ce “tunkiya ta karanta rijiya”, malamin nahawu ba zai kama ni da laifi ba, amma me na faɗa? Layinka haka yake. Ka canza i, ka kuma karanta shi don gano gurbi, ba tare da ƙa'ida ta tsayar da wanda zai riga wani ba. Takardar ta ce irin wannan hali ba a ayyana shi ba, wato kompaila tana da damar yin abin da ta ga dama, kuma ba dole ba ne ta gargaɗe ka. Raba lamba da sifili ma haka, wuce iyakar int, nau'in cikakkiyar lamba, ma haka. Yau ya ba ka amsar da kake so, gobe ka saka -O2, zaɓin da ke sa gcc ya ƙara wa manhaja sauri, ya juya maka baya. Kuma wannan ba wasan aji ba ne: manhajar rokar Turai Ariane 5 da harshen Ada aka rubuta ta, ta wuce kompaila sumul, amma ranar 4 ga Yunin 1996 ƙoƙarin cusa lamba mai bit 64 cikin gurbi mai bit 16 ya tarwatsa rokar kusan daƙiƙa 40 da tashinta. Mai ce wa yara su zargi na'ura yana cutar su, ya ji tsoron Allah.

Raba layin biyu: t[i] = i; sannan i++; idan abin da kake nufi ke nan. Ka riƙa saka wa gcc zaɓuɓɓukan gargaɗi -Wall da -Wextra, da ka yi haka gcc zai nuna maka wannan layin. Ka ƙara da -fsanitize=undefined lokacin gwaji, don ya kama wasu halayen da ba a ayyana ba yayin da manhajar ke aiki.