Tambayoyinku kan Fasaha: "i7 ce" kaɗai ba ta isa a biya kuɗi ba

Tambaya: Malam, muna musu a majalisa. Wayar itel ta kamfanin Intel ce? Abokina ya rantse cewa ƙanwarsa ce. (Daga Gusau)

Amsa: Abokinka ya yi kaffara. Wayar itel ta kamfanin Transsion ce da ke Shenzhen a Chaina, masu Tecno da Infinix. Intel kuwa na Amurka ne. Robert Noyce da Gordon Moore suka kafa shi a 1968 bayan sun bar kamfanin Fairchild, hedikwatarsa tana Santa Clara a jihar Kalifoniya. Ba su haɗa ko da maƙwabtaka ba.

Tambaya: Na sayi laftof ta hannu, mai shago ya ce Core i7 ce, har da sitika a jiki. Amma ta abokin karatuna da ke i5 ta fi tawa sauri, kuma tawa ta ƙi karɓar Windows 11. An cuce ni ne? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, ba ƙarya aka yi maka ba, rabin gaskiya aka sayar maka, kai kuma ka biya kuɗin cikakkiya. Wannan magana ta ishe ni. Mutum ya shiga kasuwa bai riƙe komai a ka ba sai "i7", kamar mai cewa a ba shi Corolla bai tambayi ta wace shekara ba.

A 2008 Intel ya fara fitar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai suna Core i7, kuma ya daɗe kusan kowace shekara yana fitar da sabon zubi. Sunan yana nuna matsayinta ne tsakanin sa'o'inta na wannan zubin kawai. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye. Idan ka ga i7-2620M, lambar farko, wato 2, tana nufin zubi na biyu, na 2011, kuma cibiyoyin aiki, wato sassan da ke raba aiki a cikinta, biyu gare ta. Ita kuwa i5-8250U zubi na takwas ce, ta 2017, mai cibiya huɗu. To ta ina tsohuwar za ta kamo ta? Kai, i3-1215U ta 2022 cibiya shida gare ta, ga ta i3, amma ko kusa taka ba za ta ga ƙurarta ba. Daga zubi na goma lambobi biyu na farko ake karantawa, kada wani ya ga 12 ya ce zubi na ɗaya ne. Harafin ƙarshe ma da ma'ana: U mai tattalin batir ce, H mai ƙarfi ce amma da shan wuta.

Ita kuma sitika, tun 1991 Intel ya fara tallan nan na "Intel Inside", ya yi nasarar da ta sa har yau jama'a sun fi yarda da ɗan maƙale a gefen madannai fiye da abin da ke cikin injin. Sitika ana ɓare ta, ana liƙa ta. Kafin ka ƙirga ko naira, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka karanta cikakken suna da idonka. Mai shagon da ya hana ka yin haka ya riga ya ba ka amsa.

Batun Windows 11: Microsoft ta sa iyaka daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan, ga shi kuma ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Akwai dabarun tilasta ta, ba na koya su a nan. Ka sa mata SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta zamani mai sauri, ka kai RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta aiki, gig takwas, za ta kai ka ƙarshen karatu. Ni dai kullum maganata ke nan: i5 mai SSD ta fi i7 mai tsohon faifai da ke ƙara.

Tambaya: Me ya sa ban taɓa ganin Intel a waya ba, alhali su ne manya? (Daga Maraɗi)

Amsa: Sun gwada, ba ta karɓe su ba. Kamfanin da ya fitar da furosesa 4004 a 1971, mai taransista 2,300, wadda aka yi wa kamfanin kalkuleta na Japan mai suna Busicom, kuma ya mamaye kwamfuta tun da kamfanin IBM ya sa furosesar Intel mai lamba 8088 a injinsa a 1981, sai ya makara a waya. Paul Otellini, wanda ya shugabance shi daga 2005 zuwa 2013, da bakinsa ya ce sun bar damar yi wa iPhone ta farko furosesa ta wuce su, saboda farashin da Apple ta taya bai yi musu ba. Waya tana son abin da ba ya zuƙe batir, nan kuwa wani tsarin ƙera furosesa mai suna ARM ya fi ƙwarewa, shi ne masu yin furosesar waya irin su Qualcomm da MediaTek da Unisoc ke amfani da shi. A 2019 Intel ya sayar wa Apple yawancin sashensa na modem ɗin waya, wato na'urar da ke haɗa waya da netwok, kan dala biliyan 1, a 2020 kuma Apple ta fara cire Intel daga kwamfutocinta na Mac.

Tambaya: Laftof ɗina tana zafi har ta mutu. Laifin Intel ne? (Daga Kumasi)

Amsa: Hajiya, sauke ta daga kan katifa. In ta ci gaba, a buɗe a share ƙurar fanka, a sake mata man da ake shafa wa furosesa don rage zafi.